Wa ya taɓa haɗuwa da oktofus ido da ido a cikin teku?

Ɗan_Funtua:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka zauna bakin teku ko suke shiga ruwan gishiri, don abin ya tsaya min a rai tun da na dawo. Aiki ne ya kai mu Zanzibar watan jiya, da aka gama sai abokan aikinmu na can suka ce ba inda za mu sai mun ga gabashin tsibirin, aka ɗauke mu zuwa wani gari Jambiani. Wajen in ruwa ya janye sai ka ga teku ta ja baya can nesa, ka yi ta tafiya ruwa iya idon sawu, mata sun fito da sanduna da 'yan buhuna, wasu na duba ciyawar teku da suke nomawa wasu kuma na farautar pweza, oktofus kenan, halittar nan mai hannu takwas.

Wani saurayi ɗan garin ya ja ni wajen wani rami a jikin dutse, ni dai ban ga komai ba sai tarin ɓawon ƙaguwa a bakin ramin, ya ce in durƙusa in yi shiru kar in motsa. Ina nan durƙushe can sai na ga abin da na ɗauka dutse ne ya buɗe ido, wallahi ido sosai, ƙwayar a kwance take ba a zagaye ba, kuma ni yake kallo. Na sa hannuna a ruwa a hankali, sai ga hannu ɗaya ya fito siriri yana lalube, ya taɓa yatsana ya koma, ya sake fitowa ya naɗe min wuyan hannu ya fara ja na wajen ramin. Ƙarfin ya ba ni mamaki don duk jikinta bai wuce kan jariri ba in ka cire hannuwan. Tana riƙe da ni launinta ya juya daga kalar yashi zuwa ja mai duhu, fatar ta yi ƙuraje-ƙuraje, da na janye sai na ji ɓas ɓas ɓas 'yan kofunan nan na hannunta suna sakina, suka bar min shaida zagaye-zagaye kamar wanzami ya yi min ƙaho.

Da dare aka kai mu kasuwar abinci ta Forodhani a Stone Town, ga su nan an jera hannuwansu ana gasawa, abokaina na ta ci suna santi ni kuwa na kasa kai ko yanka ɗaya baki. To tambayata, shin na yi wasa da raina ne da na miƙa mata hannu, tana da dafi? Kuma wannan kallon da ta yi min da gaske ta san mutum ne a gabanta ko ni ne dai zuciyata ta raya min? Sannan malamai cin ta ma ya halatta kuwa?

Sadiq_KD:

Tab! Ɗan uwa kana da ƙarfin hali, ni ko a talabijin na gan ta sai tsigar jikina ta tashi. Abin da na sani game da ita shi ne wani oktofus mai suna Paul, wanda ke gidan kifaye na Oberhausen a Jamus lokacin kofin duniya na 2010, ana sa masa akwati biyu da abinci a ciki kowanne da tutar ƙasa, wanda ya buɗe ita za ta ci. Duk wasannin Jamus bakwai ya dace, har na ƙarshe ya zaɓi Sifen a kan Holan kuma Sifen ɗin ta ɗauka. A unguwarmu a gidan kallo har musu aka yi wasu na cewa aljani ne. Ina jiran masana su zo don ni ma ina son jin bayani.

Baba_Bahar:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni a Port Sudan aka haife ni, kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su suka tsaya, kuma tun ina yaro nake bin manya cikin huri, ƙaramin kwale-kwale kenan, muna su a Bahar Maliya, don haka akhɗabuɗ, yadda muke kiran oktofus a nan, ba baƙo ba ne a wurina. Kwantar da hankalinka ba ka yi wasa da ranka ba, amma ka yi abin da ba na son yarana su yi. Ba riƙon ne abin tsoro ba, bakin ne. A ƙasa tsakiyar hannuwan nan akwai baki mai tauri irin na aku, da shi take fasa ƙaguwa, in ka bari ta hau kan hannunka ta zauna tana iya datsa maka. An taɓa cizon wani abokin aikina a tsakanin yatsu, ciwon ɗan ƙarami ne amma hannun ya kumbura ya daɗe bai warke ba. Sannan in kana nutso numfashi ɗaya gare ka, ita kuma ta kama dutse da hannu huɗu ta kama ka da saura, to kana iya ɓata lokacin da ba ka da shi. Kar ka fizge, daga bakin hannun ake fara ɓarewa a hankali a yi sama.

Maganar ko ta san mutum kuwa, bari in ba ka abin da na gani da idona. Akwai wani sha'ab, duwatsun murjani kenan, da muke ɗaure huri mu yi fatsa. Wata na zaune a wani rami ƙarƙashin inda muke tsayawa, ruwan wajen garau yake kana ganin ƙasa. Ni in na gyara kifi sai in jefa mata kai da hanji, da farko sai mun matsa take fitowa, a hankali har ya zama inuwar huri na sauka ta fito rabin jiki ta zauna a bakin ramin. Ranar da ƙanena ya sauka da gilashin nutso ya zungure ta da ƙarfe don wasa, ta watsa masa tawada ta shige ta jawo dutse ta toshe ƙofa, wallahi da hannunta ta jawo dutsen. Daga ranar in shi ya leƙa sai ta yi fari fat ta shige, in ni ne sai ta tsaya. Ba ni da boko da zan ce maka ga dalili, amma na yi shekaru ina kama najil da sha'ur ban taɓa ganin kifin da ya bambance ni da ƙanena ba.

Bayan wasu watanni muka tarar da ramin a rufe da duwatsu ta ciki, na jefa abinci ba ta taɓa ba, daga baya kuma sai ramin ya zama wayam. Mu a nan ba mu cika cin ta ba, yawanci yankawa ake a soka wa ƙugiya don namanta ba ya saurin fita kuma manyan kifi na son shi. Ni dai wannan ɗin ban bari an taɓa ta ba.

Yar_Kimiyya:

Baba Allah ya ƙara lafiya, abin da ka gani ya yi daidai da abin da aka gwada. A gidan kifaye na Seattle a Amurka an yi wani gwaji da aka wallafa a 2010, mutum biyu sanye da kaya iri ɗaya, ɗaya na ba su abinci ɗayan na tsokanarsu da sanda mai burushi, cikin sati biyu suka rarrabe, mai abinci su matso wajensa mai sanda kuma su guje shi ko su juya masa bututun da suke fesa ruwa da shi. Don haka Ɗan Funtua ba zuciyarka ce ta raya maka ba, idonta na da kyau sosai kuma kai take kallo.

Amma abin da zai fi ba ka mamaki, lokacin da ta naɗe maka hannu ɗanɗana ka take yi. Kofunan nan ba manne kawai suke ba, suna jin taɓi kuma suna jin ɗanɗano, da su take gane abin ci ne ko a'a ko da a rami mai duhu. Ƙwayoyin jijiyarta kusan miliyan 500 ne, kuma wajen kashi biyu cikin uku ba a ka suke ba a hannuwan suke, shi ya sa ka ga hannu ɗaya na lalube kamar da kansa yake shawara. Zuciya uku gare ta, biyu na tura jini wajen da take zuƙar iska daga ruwa ɗaya na tura wa sauran jiki, jinin kuma shuɗi ne saboda sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsa da jan ƙarfe aka gina shi ba baƙin ƙarfe irin namu ba. Ba ta da ƙashi ko ɗaya, bakin nan da Baba ya faɗa shi ne abu mai tauri a jikinta, duk ramin da bakin ya wuce to gaba ɗayanta za ta wuce. A 2016 wani da ake kira Inky ya sulale daga tankinsa a gidan kifaye na Napier a New Zealand ya bi bututun magudana ya koma teku.

Canjin launin kuma 'yan jakunkuna ne masu launi birjik a fatarta, kowanne da tsokar da ke buɗe shi ta rufe, cikin ƙiftawar ido take sauyawa, tana kuma iya tayar da fatar ta yi kaushi. Abin da har yau ake bincike a kai shi ne gwaje-gwaje sun nuna idonta ba ya bambance launi yadda namu ke yi, amma ga shi tana kwaikwayon launin dutse har ka kasa ganinta.

Dafi kuwa kusan dukkansu suna da shi a yawu don kashe ƙaguwa, galibi ba ya yi wa mutum illa mai yawa sai kumburi da zafi. Wadda ke kisa ita ce 'yar ƙarama mai zobba shuɗaye masu ƙyalli a jiki, an fi saninta a ruwan Ostireliya, Indonesiya, Filifin har Japan, dafinta na shanye jiki ya tsayar da numfashi kuma ba shi da makari, sai dai a yi ta taimaka wa mutum da numfashi har ya fita. Duk wanda ya ga ƙarama mai zanen shuɗi dan Allah ya janye hannunsa.

Ba_Adare:

Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ku yi mani haƙuri ni ta wani gehe zan zo, don ni pulpu, wato oktofus, abincina na, da shi ni aika kuɗi gida Tawa. Bida ta kai ni Muritaniya, Nuwadibu, garin da jirgin ƙasa mai ɗauko ƙarhe daga Zuwerat ka ƙarewa. Can duk garin da wanga abu shika rayuwa, Larabawan wurin da mutanen Senegal 'yan Saint-Louis da mu baƙi, kowa pulpu. Kuma kamun nai ba taru ba ƙugiya ba, tukwane na na roba baƙaƙe, a zuba siminti gehe guda don su nitse, a ɗaure su jere ga igiya mai tsawo a zuba ƙasan ruwa a tahi. Ba a sa komi ciki. Shi da kai nai shika zuwa ya shiga don gida shika bida, in munka komo munka ja igiya shina ciki ya manne, wani har ya tara 'yan duwatsu ga ƙohwa. Wayon da kuka hwaɗi gaskiya na amma wayon nan na son ɗaki shi ka kashe shi.

Aikin akwai wuya ƙwarai, ruwan wurin sanyi gare shi kamar ba bakin Sahara ba, iska na kaɗawa, igiya ta yanke maka tahin hannu gishiri ya shiga, tun duhun asuba kuna bisa kwale-kwale kuna ja. In ka hiddo shi sai ya hau maka hannu har kahwaɗa, ka ɓare nan ya kama can. Kuma in ba ka kashe shi nan take ba kar ka ɗauke ido, na gani da idona guda ya hito daga buhu ya bi gehen jirgi ya sami ɗan ramin da ruwa ka hita, ramin da ni ko yatsa ukku ba su shiga, ya tura hannu guda, ya tura na biyu, kan ya matse ya yi tsawo ya wuce ya hwaɗa teku. Mai jirgi na ta hwaɗa don babba na, mu kau munka tsaya muna kallo ba wanda ya iya cewa komi.

In munka sauka ana auna shi a ware girma girma, a daskare a kai Japan da Sifen, mu abin da munka samu kaɗan na in ka ji kuɗin da aka saida shi can. Akwai watannin da gwamnati ka hana kamun don su hayayyahwa, lokacin garin sai ya mutu kowa ya ci bashi. To Ɗan Huntuwa ni ban ce maka ba shi da wayo, ya hi kihi nesa ba kusa ba, amma akuya ma ta san mai ita kuma muna yankawa ranar suna. Abu guda ɗai na ka damuna har yau. Wani lokaci in ka jawo tukunya sai ka iske cikinta cike da ƙwai, sun rataya zare-zare hwarare, uwar ta naɗe su ta rame, ko ka taɓa ta ba ta gudu. Wani dattijo Bawolof da munka yi aiki tare shi maida irin wagga tukunya shikai ruwa, yara kau ba ruwansu sai su hidda ta. Malama mi ka sa ta ƙi gudu?

Yar_Kimiyya:

Yaya Ba'adare wannan da ka gani shi ne ƙarshen rayuwarta, kuma ina ganin shi ne amsar ramin Baba da aka rufe da duwatsu. Irin wadda kuke kamawa sau ɗaya take ƙwai a duniya, dubu ɗari ko fiye, ta rataye su a rufin ɗakinta ta zauna tana fesa musu ruwa tana share su don kar su ruɓe, kusan ba ta cin komai tun daga ranar har su ƙyanƙyashe, sati da yawa kenan kuma in ruwa na da sanyi ya fi daɗewa, suna fita ita kuma ba ta jimawa take mutuwa. Namijin ma ba ya daɗewa bayan barbara. Duk wayon nan shekara ɗaya zuwa biyu ne rayuwarsu, babbar ta tekun Fasifik ce ke kai uku zuwa biyar, kuma ba wadda ke tashi tare da uwarta balle ta koyi wani abu a wajenta. A ƙarƙashin teku kusa da Monterey a Kalifoniya an bi wata, wani iri ne daban na ruwa mai zurfi da ya fi daɗewa a duniya, da ta zauna kan ƙwanta har tsawon wata 53.

Dattijon nan ya fi yaran gaskiya ko ta fuskar kuɗi ma, don uwar ta riga ta rame ba nauyi, ƙwan kuma in ba ita ba za su rayu ba. Kuma hutun da ake ba ruwa na aiki saboda suna saurin girma, a kudu maso yammacin Madagaska ƙauyen Andavadoaka sun fara rufe wani yanki na ɗan lokaci a 2004, da aka buɗe suka samu manya, daga nan ƙauyuka da yawa suka ɗauka har a Pemba kusa da inda Ɗan Funtua ya je.

Almajirin_Zaure:

Game da hukunci, abin da muka karanta a mazhabar Malikiyya duk dabbar ruwa halal ce kuma ba ta buƙatar yanka, hujja ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinta, da hadisin da aka tambayi Annabi (SAW) game da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Shafi'iyya, waɗanda su ne mafi yawa a Zanzibar, su ma suna ci. Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kawai, don haka in ka ga ɗan Pakistan ko Baturke ya ƙi ci to ga dalilinsa.

Amma halal ba dole ba ne ɗan uwa. An kawo wa Annabi (SAW) naman dabbu, dangin damo, bai ci ba, Khalid bin Walid ya tambaya ko haram ne ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa kuma ransa ba ya so, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. To kai ma in ranka ya ƙi ka bari, kar dai ka aibata masu ci. Abin da zan roƙi masu kamawa shi ne su gaggauta kashewa kar a bar ta tana birgima a rana ko a yi ta buga ta da dutse da ranta, an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa. Sadiq kuma batun Paul dace ne kawai, gaibu sai Allah.

Ɗan_Funtua:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba na ji gargaɗinka ba zan ƙara bari ta hau min hannu ba. Malam maganar bugawa da ka yi na ga ana yi a bakin ruwa a can, suna ɗaga ta suna maka wa yashi, saurayin ya ce don naman ya yi laushi ne, amma waɗanda na gani sun riga sun mutu. Ba'adare ku ya kuke kashewa a jirgi, akwai hanyar da ta fi sauri?

Ba_Adare:

Akwai. Tsakanin idanu biyu nan ƙwaƙwalwa take, ka sa tsinin wuƙa daidai wurin ka soka, in ka dace take jikin duka shika yin hwari hannuwa su saki, ka san ya ƙare. Wasu juye jakkar kan sukai ciki ya komo waje, amma wanga ba shi kashe shi nan take, shina daɗewa shina motsi, ni ban son shi. Bugun kau ba dole na ba in kana da firiza, ka bar shi ya daskare kwana biyu ka hiddo ka dahwa bisa wuta kaɗan kaɗan kamar awa guda, kar ka cika ruwa don shi da kai nai shika hidda ruwa, kuma ka ɗanɗana kahin ka sa gishiri.